Kada Katin Babanku Ya Koma Hannun Baffanku

Da sunan Allah mai rahama nake farawa, shi ne shaidata. Ni ce mahaifiyarku, da hannuna nake rubutun nan, cikin hankalina, babu wanda ya tsaya a kaina ya ce in rubuta kaza in bar kaza. Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi su, suga ya cinye ƙodata, kunnena na hagu ya daɗe da ajiye aiki, amma kaina garau yake. Na faɗi wannan tun da wuri ne don na san halinku ku ukun nan, kai Babba, ke Malama, da kai Auta. Duk abin da bai yi muku daɗi ba a takardar nan, cewa za ku yi ciwo ne ya sa Mama sambatu. To ba sambatu ba ne.

Zuwana asibiti na ƙarshe, likita ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce daga yau in ci duk abin da raina yake so. Mutumin da ya yi shekaru yana yaƙi da ni a kan gishiri da sukari, ranar da ya sakar mini mara haka, ai ba sai an kira mini tafinta ba. Na gane, na kuma gode wa Allah. Tafiyar ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne wanda zan bari a ɗakin tsakiya, babanku, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya iya buɗe baki ya ce a ba shi ruwa. A hannun wa zai zauna bayana? Wannan ita ce maganar, sauran duk cikon takarda ne.

Na ɗaya. Katin asibitin babanku kada ya sake shiga hannun baffanku. Ko na riƙe mini in ɗaura takalmi ban yarda ba.

Na ji taron da kuka yi a falo kuna zaton barci nake. Kunnen hagu ne ya mutu, 'ya'yan nan, na dama yana nan da ransa. Na ji Babba yana cewa kowa a cikinku yana da aiki, Baffa kuwa zaune yake, ƙanin Baba ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya san asibitin nan kamar yunwar cikinsa, don haka in ta Allah ta kasance a kaina sai ya tare a ɗakin gaba ya riƙa kai shi. Na ji Auta ya ce hakan ya yi. Malama ce kaɗai ta tashi ta fita. Wai ya san asibiti! Ƙwarai kuwa ya sani, kuma zan gaya muku yadda aka yi ya sani, don rabin labarin kuke da shi, rabin da shi ya ga damar ba ku. Malama ta so ta ba ku sauran, kuka ce zuzutawa take. Ni kuma na yi shiru ne don ba na son hayaniya a kan mara lafiya. Yanzu ba ni da lokacin kara.

Sa'ad da aka gano babanku yana da hawan jini, kafinta ne mai ji da ƙarfi, katakon da samari biyu suke nishi a kansa shi kaɗai yake ɗagawa. Aka ɗora shi a kan ƙwayoyi biyu, aka ce ya riƙa zuwa asibiti ranar tsofaffi ana auna shi ana sabunta masa magani. Ya je, ya sake zuwa, sai ya fara mita: mutum ya rufe shago tun safe, ya zauna a benci har rana ta take, masu ƙofa da masu gado suna jiransa. Sai ga baffanku da wushiryarsa, wai Yaya kawo katin, ni ba abin da nake yi, in karɓo maka. Muka ce Allah ya bar zumunci. Ni da babanku mun ɗauka a tagar ba da magani zai miƙa kati a miƙo masa.

Ashe ba a ba da magani sai likita ya ga mai ciwo. Mutumin kirki in ya ji haka, dawowa zai yi ya ce Yaya, sun ce sai ka zo da kanka. Shi kuwa sai ya nemi wuri a benci ya zauna. Da nas ta kira sunan babanku, sai ya amsa. Ya shiga, ya naɗe hannun riga, ya miƙa dantsensa aka ɗaura masa abin awo. Katin ba hoto, likitocin kuma yara ne masu zuwa suna wucewa, na wannan wata daban, na wancan daban. Jininsa a lokacin lafiya lau yake. Likita ya yaba masa, ya ce lallai magani ya karɓe shi.

Daga nan abin ya yi masa daɗi. Mutumin da a gida ko kaji ba sa sauraron labarinsa, ya samu benci cike da tsofaffin da ba su da wurin gudu. Ya zama shi ke tsara layi, shi ke gaya wa sabon zuwa ƙofar da zai bi, har suka laƙaba masa Shugaba. Ya kai ƙarar gwiwarsa, aka ba shi man shafawa da sunan babanku. Ya kai ƙarar idonsa, aka yanka masa tabarau da sunan babanku. Maganin babanku kuwa kullum raguwa yake, tun da jinin da ake aunawa ba ya hawa. Biyu suka koma ɗaya, ɗaya ta koma rabi. Na tambayi baffanku, a tsakar gidan nan, na ce yaya magani yake ta ƙanƙancewa alhali likita bai ga mai shi ba? Ya ce sabon samfuri ne mai ƙarfi, kuma yana yi wa likita bayanin jikin Yaya dalla-dalla, kuma mata ba su san harkar asibiti ba, in koma kan keken ɗinkina. Rana ɗaya ya shigo hannu rabbana yana washe baki, wai albishir, likita ya ce Yaya ya warke, a dai rage gishiri. Babanku ya yi hamdala. Har kujera mai hannu ya ƙera masa don godiya, wadda baffanku yake zama a kanta a ƙofar gidansa har yau.

Ba a rufa shekara ba, wata rana da hantsi, mai walda na kusa da shagon babanku ya same shi kwance cikin garin katako, zarto a gefe, baki ya karkace, yana bin mutane da ido yana son magana ba hali. A ɗakin da aka kwantar da shi babu wanda ya kai baffanku kuka, har ma'aikata suna ba shi haƙuri. Amma da aka sallame mu, ranar komawa ta farko ta zo, sai baffanku ya wayi gari da ciwon kai. Ni da Malama muka tura babanku a keken marasa lafiya. Nas ta leƙo ta kira sunan babanku, kafin in buɗe baki sai benci ya ɗauka gaba ɗaya, wai Shugaba bai zo ba yau. Na ce ga shi nan a keke. Wata tsohuwa mai yawo da lema, wadda daga baya ta zama aminiyata, ta leƙa fuskarsa ta ce baiwar Allah kin yi ɓatan kai, mai sunan nan dogo ne, mai wushirya, mai ciwon gwiwar hagu, bakinsa ba ya shiru. Aka matsa mini na zauna. Babanku yana ji. Hawaye na zuba ta ido ɗaya, ɗayan ya ƙi.

Da na tare baffanku, ko kai bai sunkuyar ba. Wai taimako ya yi. Wai ai jininsu ɗaya ne, cikin da ya haifi Yaya shi ya haife shi, in an auna nasa kamar an auna na Yaya ne. Wai abin da Allah ya rubuta ne. Ni ma na yi imani da abin da Allah ya rubuta, amma ba rubutun ne ya naɗe hannun riga ya miƙa dantse ba. Ku kuma ya ce muku sau ɗaya ya shiga, likitoci ne suka yi kuskure. Ƙarya yake. Har yau bai buɗe baki ya ce na yi laifi ba, kuma ni ban yafe ba.

Na biyu. Katin yana hannun Malama, na riga na ba ta. Babba, motarka ce za ta riƙa kai shi, kuma kai za ka tuƙa, kada ka aiko mini da direban ofis. Wurin aikinku ba zai rushe don ka yi rabin yini a asibiti ba. Auta, kai ke gida, maganin safe naka ne. Ka ba shi da cokali, ruwa kaɗan-kaɗan, don yana sarƙewa. Ka tsaya har ka ga maƙogwaronsa ya motsa, ka duba kuncinsa na dama, can ƙwaya take maƙalewa. Ku riƙa juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Gishirinsa a taɓa kawai, ko ya ɓata fuska. In kun shiga ɗakin likita ku tura keken har gaban tebur, ku ku koma baya, likita ya ga fuskarsa, ya taɓa hannunsa. Wanda ba ya magana yana ji, kada ku yi zancensa a kansa kamar buhu aka ajiye.

Na uku. Gida da abin da ke cikinsa akwai yadda Allah ya raba, akwai masu sani, ban sa baki ba. Ƙananan abubuwa ne nake bayarwa tun ina numfashi. Keken ɗinkina na matar Babba ne, ita ce take da haƙurin zare. Abin awon jinin da Malama ta saya mini ya zauna a ɗakin babanku, kuma duk wanda ya zo gaishe shi a cikinku ya miƙa nasa hannun a auna, har da kai Babba, na ga yadda wuyanka ya yi kauri kana kuma dafe ƙeya. Matashin zama da nake zuwa da shi asibiti na bar wa wanda ranar zama ta faɗo masa, bencin can ba ya tausayin ƙashin kowa. Kayan aikin babanku kada a sayar, kada a ba da aro, muddin yana raye. Ku riƙa tura shi shagon wani lokaci, ku sa masa guntun katako a hannun da ke motsi. Yana shafawa yana shinshinawa, ranar kuma ya fi cin abinci.

Tabaran da ke fuskar baffanku, a gaskiya na babanku ne, tun da sunansa aka rubuta. Na so in ce a karɓe. Na sake tunani, ku bar masa. Ina so ya riƙa gani tar.

Na huɗu. Ba wanda yake bina ko sisi, amma akwai nauyin mutane a kaina. Sandar nan mai ƙafa huɗu ta maƙwabciyarmu ce, ta marigayi mijinta, a wanke a mayar mata. Mai Lema ta ba ni yadi in ɗinka mata riga, na yanka ban haɗa ba, idona ya ƙi. Matar Babba ta ƙarasa, ta buɗa wuyan sosai don kafaɗarta ba ta ɗaguwa, Malama ta kai mata ranar asibiti. Matar nan ta sha riƙe mini wuri a layi, ta sha ba ni dariya a ranar da ba na so. Nas ɗin da take kiran suna ku gaishe ta da girmamawa. Tun daga abin da ya faru ba ta sake kiran tsoho ba sai ta tambaye shi shekarunsa da sana'arsa tana kallon ƙwayar idonsa.

Na biyar. Wannan nasiha ce, ku karanta ko ba ku so. Na yi shekaru a bencin can, na babanku da nawa, na ga inda kuke tafiya. Kusan kowa a wurin da hawan jini, wanda ba shi da shi yana da suga, da yawa sun haɗa biyun kamar ni. Ga masu gwiwa da ƙugu, waɗanda tashinsu daga benci sai da salati. Ga masu yanar ido suna gaishe da ginshiƙi. Ga tsofaffin maza masu zaryar banɗaki, kowa yana yi kamar bai lura ba. Ga masu tari, ga kurame irina, ga waɗanda mantuwa ta kama suna tambayar 'yarsu ko ita ce nas. Muna dariyar junanmu, muna tambayar nawa naka ya hau yau kamar masu cinikin kasuwa, in an ga wurin wani babu kowa sai a yi shiru.

Abin da na koya shi ne mafi munin ciwon nan ba ya yi wa mutum sallama. Babanku ranar da ya faɗi ya karya kumallo da kyau, har waƙa yake yi yana neman hularsa. Don haka jin daɗin jiki ba shaida ba ne. Magani in an ɗora ku a kai, ba a sauka sai wanda ya ɗora ya gan ku da idonsa. Kada ku sha na wani don ciwonku ya yi kama, kada ku ba wani naku. Zaman layi kuwa da wahala, na sani, amma babanku gudun zaman safiya ɗaya ya yi, ga shi yanzu a zaune ba tashi.

Na shida. Babba da Malama, gabar nan ta ishe ni. Babba, ka ɗaga mata murya a gaban yara don ta ƙi gaishe da baffanku, ka ce ta zubar da mutuncin gida. Ita ta tsaya a bayan keken ranar, kai kana wurin aiki. Ita ce da gaskiya, ka je har gidanta ka faɗa mata haka da bakinka. Ke kuma Malama, gaskiyarki ba ta ba ki izinin ɗauke ƙafa daga gidan yayanki ba, 'ya'yansa suna tambayar ina gwaggonsu. Ki koma. 'Ya'yan baffanku kuwa ba su da laifi, ba su suka amsa suna ba, kada wanda ya juya musu baya.

Na bakwai, kuma a nan nake so ku nutsu. Baffanku ba shi da lafiya. Ku ba ku lura ba, ni ido na ya saba. Ya zo gaishe ni ya shanye ruwan gora guda, ya nemi banɗaki sau biyu kafin ya tafi. Wandonsa ya yi masa yawa. Yana ɗingishi, kuma ba gwiwar ba ce, akwai ciwo a yatsan ƙafarsa da yake ɓoyewa cikin safa. Na san wannan hanyar, ita na biyo. Yana can yana sayen ƙwayoyi a shagon magani yana haɗiya a ɓoye, don ba shi da fuskar da zai shiga asibitin nan, inda duk benci ya san abin da ya yi.

Kuna zaton zan ce ku bar shi ya ruɓe. A'a, wannan sauƙi ne, kuma ban shirya yi masa sauƙi ba. Ku kai shi. Asibitin nan za ku kai shi, ba wani ba, ko ya roƙe ku da girman Allah a canza. Ranar tsofaffi, ranar babanku, mota ɗaya. A yanka masa kati da sunansa na yanka. Ya zauna a bencin nan kusa da keken yayansa, a gaban Mai Lema da sauran waɗanda suka kira shi Shugaba. In nas ta kira sunan babanku, ya ja bakinsa ya yi shiru, ya ga an tura mai sunan ya wuce ta gabansa. In ta kira nasa, ya tashi ya amsa, kowa ya ji. Ku saya masa magani, ku tsaya a kansa ya sha, ku hana shi sukari, ku wanke masa ƙafar kada a yanke. Ku kula da shi fiye da yadda kuka kula da ni. Ina so ya yi tsawon rai. Ina so duk wata ya hau motar nan, ya ga yadda ake cicciɓar yayansa, ya ga ana goge masa yawu, ya dawo gida ya zauna a kujerar da aka ƙera masa. Ɗakin gaba kuwa ba zai tare ba. Ya zo da rana, ɗayanku na nan, ya koma gidansa.

'Ya'yana, na gaji. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku fiye da yadda kuka yi mana. Babba, Allah ya sanyaya maka zuciya ya kare ka daga ciwon gidanku. Malama, Allah ya saka miki, ke kika riƙe ni ranar da asiri ya tonu a bencin can. Auta, ka yi wankin da ba kowane ɗa zai yi wa uba ba, ban manta ba, Allah ba zai manta ba. Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mini zafin bakina. Ku riƙe juna. Ku riƙa haɗuwa a ɗakin babanku kuna cin abinci tare, ku yi surutu ya ji gidansa da mutane. Kada ku yanke kowa, har baffanku, a kira shi duk taron gida, a ba shi wurin zama inda zai fuskanci gadon.

Wata rana jiki zai gaya masa, zai zo neman gafara. Nawa haƙƙin na tafi da shi, mu haɗu a can. Na babanku kuwa yana hannun babanku, sai ku kai shi gaban gadon ya durƙusa ya roƙa. Na san ku da taushin zuciya. Za ku ga tsoho yana kuka, shiru ya yi yawa a ɗakin, ɗayanku ya ce tashi Baffa, ai Baba ya yafe. Ban yarda ba. Duk wanda ya faɗi haka a cikinku ya ci amanata. An taɓa amsawa a madadin babanku, kun ga inda ta kai mu. Wannan karon a bar shi ya amsa da bakinsa, baffanku kuma ya jira.